An Ce Auta Ta Yafe

Ofishin Malama yana bayan asibitin jami'a, kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. A jikin ƙofar an rubuta cewa nan ne wurin tallafa wa ɗaliban da aka ci wa zarafi, amma rana ta cinye rabin rubutun. Ɗalibai ba sa kiran wurin da sunansa. In aka ga wata ta bi ta lungun, sai a ce ta je gaida Malama, a yi shiru.

Ita ce shugabar wurin. Mai ba da shawara guda ɗaya da ke ƙarƙashinta ta tafi hutun haihuwa, ba a kawo madadinta ba, sai wata nas da ake aro mata daga asibiti in abu ya taso. Malama ta daɗe a kujerar har gabanta ya daina faɗuwa in an ƙwanƙwasa. Takan ɗora ruwan shayi, ta tura kwalin tishu tsakiyar tebur, ta jira.

Wata rana wata yarinya ta shigo da hantsi, rataye da doguwar robar da 'yan sashen zanen gine-gine ke naɗe takardunsu a ciki. Tana aji uku. Da Malama ta tambayi sunan da take so a kira ta da shi, sai ta ce a gida Auta ake ce mata.

"Wata ƙawata ce ta aiko ni," in ji ta. "Tana so ta san ko abin da aka faɗa a nan yana fita."

"Ba ya fita sai da izinin mai maganar."

"Ko iyayenta ne suka tambaya?"

"Ko shugaban jami'a ne."

Auta ta gyaɗa kai, ta ce za ta faɗa wa ƙawar, ta fita ba ta taɓa shayin ba. Malama ta zubar da shi ta taga. Ta san irin wannan ƙawar. Wani lokaci takan dawo, wani lokaci shi ke nan.

Auta ta dawo a makon da ya biyo baya. Ta zauna, ta rungume jakarta a cinya.

"Babu wata ƙawa, Malama."

"Na sani. Ɗauki lokacinki."

Ba ta yi kuka ba. Ta ba da labarin kamar mai karanta darasin da ba nata ba. A gidan yayarta take zaune tun da ta shigo jami'a, saboda garin iyayensu da nisa. Yaya ma'aikaciyar banki ce, takan fita da sassafe ta sauke yara a makaranta, ba ta dawowa sai yamma lis. Mijinta kuwa, wanda kowa ke ce wa Injiniya, kamfaninsa ne na kansa, shi ke zaɓar lokacin fitarsa. Duk ranar da Auta ba ta da lacca da safe, gidan kan rage daga ita sai shi.

"Ranar farko na yi ihu," ta ce. "Injin wanki yana aiki, babu wanda ya ji. Daga baya na daina."

"Ba laifinki ba ne."

"Haka aka rubuta a jikin bangonku. Na karanta."

Malama ta bi da ita ta ƙofar baya zuwa wurin nas, aka duba ta, aka ɗebi jini, aka ba ta magunguna. Da suka dawo, ta shimfiɗa mata hanyoyin da ke gabanta ɗaya bayan ɗaya: 'yan sanda, lauya, wani gida da wata ƙungiyar mata ke ajiye waɗanda ba su da wurin zuwa. Ta ce babu wanda zai tilasta mata ko ɗaya.

"Ni gado kawai nake so a ɗakin kwanan ɗalibai," in ji Auta. "Ko a ƙasa ne."

Washegari Malama ta hau bene wurin shugaban harkokin ɗalibai. Mutum ne mai fara'a, ya tarbe ta da dariya.

"Malama mai ɗakin hawaye! Yau kuma wa muka yi wa laifi?"

Ta faɗa masa abin da za ta iya faɗa, ba suna, ba sashe. Fara'ar ta ragu. Ya ce ɗakuna sun cika maƙil, kuma ƙa'ida ta ce wadda ke da mai riƙo a cikin gari ba ta samun gado sai mai riƙon ya zo da kansa ya ce ya amince.

"Mai riƙon shi ne matsalar, ranka ya daɗe."

Ya sosa gemu. "A cikin jami'a abin ya faru?"

"A gida."

"Malaminmu ne? Ɗalibinmu ne?"

"A'a."

"To kin gani. Huruminmu a bakin get ya tsaya. Mu fara shiga gidajen mutane, ina za mu tsaya? Ki ba ta shawara ta yi magana da manyanta. Naka sai naka."

Auta ta yi magana da manyanta. Ta sami Yaya ranar hutu tana goge kayan makarantar yara a falo, Injiniya ya fita da su yawo. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta faɗa, a taƙaice, ba tare da ta ɗago kai ba. Dutsen guga ya tsaya a kan wata ƙaramar riga har ƙauri ya fara tashi. Sai Yaya ta ɗaga shi, ta juya rigar, ta ci gaba.

"Wa kika faɗa wa?"

"Malamar ofishin bayan asibiti."

"Kin kai mu waje kafin ki zo wurina."

"Yaya, kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji." Ta ninke rigar, ta ɗora a kan 'yan'uwanta. "Ki dinga fita tare da mu da safe. Kuma wannan siririn zanen da kike yawo da shi a cikin gida, ki daina."

Daga nan Auta ta koma fita da sassafe, ko tana da lacca ko ba ta da ita. Takan zauna a ɗakin zane, takarda a gabanta, fensir a hannu, har a zo kulle ɗakin ba ta ja layi ko ɗaya ba. Wasu ranakun kuma, in rana ta take, sai ta zagayo ofishin Malama ta kwanta a kan dogon benci, fuskarta ga bango. A nan kaɗai barci ke ɗaukarta. Malama takan rage muryar wayarta, ta ci gaba da aiki. Burodin da take ajiye mata a gefe, yawanci ita ke mayar da shi jaka da yamma.

A gida babu wanda ya sake ta da maganar. Ana cin abinci a tebur ɗaya. Injiniya yakan ce, "Auta, miƙo min gishiri," ta miƙa. Yaya ta daina kallon idonta. Yaran ne kawai ba su sauya ba, suna hawa jikinta suna ja mata mayafi, ita kuma tana zaune kamar an dasa ta.

Sai ga Umma ta zo daga gida, tare da Baffa, ƙanin mahaifinsu, wanda ya zama uba tun rasuwar mahaifin. Yaya ce ta kira su. Aka tura yara maƙwabta, aka rufe ƙofar falo.

Injiniya ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafafun Baffa. Da farko ya ce shi bai san me ake magana a kai ba, ƙanwar mata ai abokiyar wasa ce, ƙila wasan ne aka yi wa mummunar fahimta. Da Baffa ya ce ya ji tsoron Allah, sai ya sunkuyar da kai, muryarsa ta karye. Ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ya ce aiki ya yi masa yawa, matarsa kullum tana banki, shi ma mutum ne. Ya ce yarinyar da ya riƙe kamar 'yar cikinsa, yau ga shi an kai sunansa ofis. Har hawaye ya yi, Yaya ta miƙa masa hankici.

"Ɗan'adam tara yake, bai cika goma ba," in ji Baffa. "Ya amsa laifinsa, wannan ma girma ne. Ke kuma Auta, ba na ce ke ce ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gaba a kiyaye."

Umma tana gefe, tana murza bakin mayafinta.

"Yanzu abin da ya rage," Baffa ya ci gaba, "ki ce kin yafe, a binne maganar a ɗakin nan. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Ko so kike ki kashe wa 'yar'uwarki aure, ki bar yaran nan a tsakiyar titi?"

Kowa ya zuba mata ido. Ta kalli Umma. Umma ta kalli ƙasa.

"Na yafe," in ji Auta.

Aka yi addu'a, aka shafa. Yaya ta tashi ta kawo abinci.

Kafin Umma ta koma, ta sa aka nuna mata ofishin Malama. Ta shigo ita kaɗai, ta ƙi zama sai da aka roƙe ta. Dattijuwa ce siririya, idanunta sun yi ja.

"Ke ce kike zuga min yarinya?"

"Ba na zuga kowa, Umma. Kuma ba zan iya faɗa miki wadda ta zo nan ko wadda ba ta zo ba."

"Ba sai kin faɗa ba. Ita ta faɗa." Ta tsare Malama da ido. "Kina tsammanin ban yarda da ita ba ne? Ni na haife ta. Tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba, ko sukari ta sata sai ta kawo kanta. Na san ya yi."

"To me ya sa..."

"'Ya'ya biyu gare ni, Malama. An riga an ɓata min ɗaya. Kina so in ɗauki wuƙa da hannuna in yanka ɗayar? In maganar nan ta fita, babbar ta rasa gida, ƙaramar ta rasa mai aurenta, shi kuwa nan da shekara ya yi sabuwar amarya. Faɗa min ƙarya na yi."

Malama tana da amsoshi. Ta sha faɗarsu a tarurruka, a gaban majigi, ana tafa mata. Ta buɗe baki ta ce ai yarinyar har yanzu a gidan take kwana.

"Ya rantse ba zai sake ba."

"In ya sake fa?"

Umma ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ke aikinki ne. In an tashi ki kulle ƙofa ki tafi gidanki. Ni a cikin abin nake kwana, a ciki nake tashi. Ki bar mana 'yarmu."

Ba a cika wata ba Injiniya ya sake. Ranar yaron Yaya ƙarami ya tashi da zazzaɓi, aka ce Auta ta zauna da shi tun da ita ba ta da aikin fari balle na baƙi a makarantar. Da ta zo ofis washegari, ta zauna ba ta cire jakarta daga kafaɗa ba.

"Ya ce ai na riga na yafe," ta ce. "Mu je wurin 'yan sandan."

Malama ta ɗauki makullin mota. Suka kama hanya. Ta tsaya a gefen titi, daura da ƙofar ofishin 'yan sanda, ta kashe mota. Wani kurtu yana zaune a kan benci yana goge takalminsa. Auta ta kama marfin ƙofa, sai wayarta ta yi ƙara. Lambar Yaya ce. Ta ɗauka, muryar yarinya ƙarama ta cika motar.

"Anti, yaushe za ki dawo? Mama tana ta kuka a ɗaki, ta ce za ki sa a kama Abbanmu. Anti, me Abba ya yi?"

Auta ta riƙe wayar har aka kashe daga can. Ta saki marfin ƙofar.

"Mu koma, Malama."

"Za mu iya zama a nan ki huta. Ba sai kin shiga yau ba. Gidan ƙungiyar nan ma suna da gado, na yi magana da su."

"In na tafi can Umma ta ce ba ita ba ni. Mu koma."

Malama ta tada mota. Ƙa'idar aikinta ce, mai abin ita ke zaɓa. Ta koya wa mutane da yawa wannan ƙa'ida, kuma har yanzu ta yarda da ita. A mahaɗar titi ta tsaya ana ta yi mata hon, fitila ta daɗe da ba da hannu ba ta gani ba.

Jarrabawa ta zo. Auta ta shiga ta farko, ta rubuta lambarta a saman takarda, ta zauna har aka ce a ajiye alƙalami. Ta biyu ba ta je ba. Malama ta bi malaman sashen ɗaya bayan ɗaya tana roƙon a ɗaga mata zangon bisa dalilin rashin lafiya. Wasu suka amince, wani ya ce yaran yanzu duk lalaci ne. Tufafin Auta suka yi mata yawa. Takan wanke hannu a famfon bayan ofis har fatar ta yi fari ta tsattsage. In an yi mata magana sai ta ɗauki lokaci kafin ta juyo, kamar muryar daga wani ɗaki take zuwa.

Ran nan aka same ta zaune a ƙasan banɗakin mata na sashensu, ba ta san tun yaushe take wurin ba. Aka kira lambar da ke rubuce a matsayin mai riƙonta. Injiniya ya zo da kansa, da farar riga da ƙamshin turare, ya gode wa ma'aikatan asibiti ɗaya bayan ɗaya. Malama ta sha gabansa a baranda.

"Ba za ta bi ka ba sai in ita ta ce."

Ya yi murmushi. "Ke ce Malamar? Sannu da ƙoƙari. Tambaye ta mana."

Malama ta tambaye ta. Auta ta kalli bango ta ce, "Duk ɗaya ne." Ta ɗauki takalmanta ta bi shi.

Ba ta sake dawowa jami'a ba. Aka mayar da ita wurin Umma ta huta. Ga dangi da maƙwabta, an ce karatu ne ya yi mata yawa ya taɓa mata kai, dama zanen gine-gine ba na mata ba ne. Mutane suka yi ta zuwa sannu, suna yaba wa Injiniya da ya riƙe ta shekaru bai gaji ba. Malama ta yi ta kiran wayarta, a kashe. Daga baya ta rage kira. Wasu sun ƙwanƙwasa ƙofar, ta ɗora musu ruwan shayi.

Sai farkon sabuwar shekarar karatu wani kira ya shigo wa Malama, da rana tsaka, daga wata baƙuwar lamba. Muryar ta yi ƙasa sosai.

"Malama, ni ce."

"Auta! Ya jikin? Kina ina?"

"Ina gida. Wayar maƙwabciya ce, ba zan daɗe ba. 'Yar Baffa ta sami gurbi a jami'arku, sashen shari'a. Jiya aka kai ta gidan Yaya. Ɗakina aka ba ta."

Malama ta ajiye biron da ke hannunta. "Baffan da ya zauna a maganarki?"

"Shi. Na je na same shi. Ya ce mutumin ya tuba a gabansa, kuma wanda ya tuba kamar bai yi ba ne. Ya ce ɗakin yana nan a banza, Yaya kuma tana buƙatar mai taya ta da yara. Ya ce in daina ta da abin da aka binne, ciwona ne ke sa ni surutu." Ta ja numfashi. "Umma ta ce ita ba ta da bakin magana. Yaya ta ce za ta sa ido."

"Me kike so in yi?"

"Kin ce magana ba ta fita sai da izinin mai ita."

"Haka ne."

"To na ba ki. Ki faɗa mata duka. Ki ce ni ce. In ba ta yarda ba, ki ba ta lambar nan."

"Kin san abin da zai biyo baya a gida."

"Me ya rage da za su yi min, Malama?"

Layin ya katse.

Malama ta daɗe a zaune. Mutum uku ne manya a dangin suka san abin da ke cikin wannan gidan, kuma babu wanda ya ce ƙarya ne. Uwa ta sani, uba ya sani, matar gida ta sani. Kowannensu ya auna abin da zai rasa in ya yi magana, ya ga ya fi nauyin yarinya. Da waccan ta ƙare, suka share ɗakin, suka sauya zanen gado, suka kawo wata. A cikinsu duka, wadda aka ce ta sami taɓin kai ce kaɗai ta aro waya.

Ta kulle ofis, ta gangara zuwa babban ɗakin taro inda sababbin ɗalibai ke rajista. Layi ya fito har waje, kowa da fayil a hannu, ana hayaniya ana ture-ture. Ta tambayi layin 'yan shari'a, ta bi shi tana kiran sunan gidansu Auta a hankali. Wata doguwar yarinya mai sabon takalmi ta ɗaga hannu. Tana da irin goshin Auta.

"Ni ce, Anti. Wani abu ne ya ɓace a takarduna?"

"A'a. A ina kike zaune?"

"Gidan yayarmu. Mijinta ma ya ce shi zai dinga sauke ni, in ba ni da lacca da safe in yi zamana in huta." Ta yi dariya, sai ta lura da fuskar Malama. "Lafiya dai ko?"

"Fito daga layin," in ji Malama. "'Yar'uwarki ce ta aiko ni."